Zagaya Chemin des Dames a kan keke cikin yini ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne ɗan Nijar, ina karatu a Paris. Ina da keken tsere na hannu mai siraran tayoyi, kuma nakan yi kilomita 40 zuwa 50 a ƙarshen mako ba tare da na jigata ba. Na ji an ce a Chemin des Dames akwai wuraren tunawa da sojojin Afirka ta Yamma da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Zan iya zagaya wurin a kan keke in dawo a ranar? Daga ina zan fara, kuma me zan riƙe?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya, kuma ba nisan ne zai ba ka wahala ba. Titin Chemin des Dames ɗin, wanda taswira ke nunawa da lamba D18, bai wuce kilomita 30 ba. Ya miƙe ne a doron wani dogon tudu a lardin Aisne, kwarin kogin Aisne a kudu, na Ailette a arewa. Hanyar da za mu ba ka, daga tasha zuwa tasha, kilomita 55 ce ko kusa da haka, wato murza feda na kamar awa uku da rabi. Abin da ke cinye yinin mutum a can shi ne tsaye-tsaye. Kusan kowane kilomita biyu akwai dutsen tunawa ko makabarta ko allon bayani, kuma wanda ya ce sai ya karanta duka, magariba za ta same shi a tsakiyar gonaki. Zaɓi wurare huɗu ka ba su haƙƙinsu, ka ware musu awa uku zuwa huɗu, sauran ka gaishe su daga kan sirdi.

Ka fara daga yamma ka nufi gabas. Iskar arewacin Faransa yawanci daga yamma ko kudu maso yamma take bugowa, doron tudun kuwa fili ne fetal, gonakin alkama da gwozar sukari, babu itatuwan da za su kare ka. In iskar tana bayanka tafiya ce ta nishaɗi. In tana gabanka, kilomita 30 ɗin nan sai ta zama kamar 50. Saboda haka ka shiga jirgin ƙasa na TER daga tashar Gare du Nord, layin da ke bi ta Soissons zuwa Laon, ka sauka a Anizy-Pinon. Daga nan ka bi ta Pinon zuwa Chavignon, ka hau tudu zuwa La Malmaison. Tsayin tudun da za ka hau ya ɗan haura mita 100, kuma shi ne na farko cikin manyan hawa biyu na yinin. A wajen Chavignon za ka haɗu da babban titin N2. Kada ka hau shi, na tireloli ne.

A La Malmaison kada ka daɗe. Akwai kangon tsohuwar ganuwar soja da Faransawa suka ƙwace ranar 23 ga Oktoba 1917, da makabartar sojojin Jamus sama da 11,000, amma na Yaƙin Duniya na Biyu ne. Minti goma sha biyar sun isa.

Tsayawarka ta gaske ta farko Cerny-en-Laonnois ce, kusan tsakiyar hanya. Akwai ɗan cocin tunawa a bakin titi, sai makabartar Faransawa mai mutum sama da 5,000, da ta Jamusawa mai sama da 7,000 a bayanta. A makabartun sojan Faransa, ka lura da siffar alamomin kaburbura. Yawancinsu fararen gicciye ne, amma a cikin sahun za ka riƙa ganin wasu allunan masu tsinin kai irin na mihrabi, da jinjirin wata da tauraro a sama, a ƙasansu an rubuta "haza ƙabrul marhum" da Larabci, sai ɗan farantin da ke ɗauke da suna da bataliya da ranar rasuwa. Waɗannan su ne na Musulmi, daga Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Afirka ta Yamma. Sau da yawa sunan guda ɗaya ne tak, yadda magatakardan soja ya ji shi ya rubuta. Ka jingine keke a bakin ƙofa, ba a shiga da shi kan ciyawa.

Abin da ya kawo su nan shi ne farmakin da Janar Nivelle na Faransa ya ƙaddamar da ƙarfe 6 na safiyar 16 ga Afrilu 1917, yana alkawarin fasa layin Jamusawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Jamusawa suna saman tudun, sun haƙa maɓoya a cikin tsofaffin ramukan fasa dutse, ruwan igwa bai taɓa su ba. An tura bataliyoyin tirailleurs sénégalais, wato sojojin Afirka ta Yamma a rundunar Faransa, ƙarƙashin Janar Mangin, su hau gangaren kudu cikin taɓo da ruwan sama gauraye da ƙanƙara. Hannuwan da yawa daga cikinsu sun ƙage don sanyi har ba sa iya sarrafa bindiga, dubbai suka mutu ko suka jikkata cikin 'yan kwanaki. Blaise Diagne, ɗan majalisar Faransa mai wakiltar Senegal, ya kai ƙorafin wannan gaban majalisa a watan Yuni na shekarar. Rundunar ba 'yan Senegal kaɗai ta ƙunsa ba: an ɗebo ta daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, Mali da Burkina Faso da Gini da Benin na yau, har da yankin da ya zama Nijar. Sojojin Nijeriya kuwa ba a nan suka yi nasu yaƙin ba, a Kamaru ne da Gabashin Afirka.

Kilomita biyar ko shida gaba da Cerny sai Caverne du Dragon, kuma nan ne ya fi cancantar lokacinka. Ramin fasa dutse ne da Jamusawa suka kama a Janairun 1915 suka mai da shi barikin ƙarƙashin ƙasa. A Yunin 1917 Faransawa suka shiga, aka daɗe kowane ɓangare na riƙe da sashensa, bango kawai ke tsakaninsu. Ba a shiga sai da ɗan jagora, a ƙayyadaddun lokuta, kuma zagayen ya haura awa ɗaya, don haka ka kama gurbi tun kafin ranar ka gina sauran shirinka a kansa. Cikin ramin sanyi ne na kusan digiri 12 rani da damina. Wanda ya sauka da riga jiƙe da gumi zai fito yana karkarwa, ka riƙe busasshiyar riga da 'yar jaket. A waje, kusa da ginin, akwai dogayen siffofi tara na baƙin katako da Christian Lapie ya sassaƙa, aka kafa a 2007 don tunawa da sojojin Afirka. Ka tsaya a gefen tudun ka leƙa gangaren da aka ce su hau. Ya fi kowane allon bayani yin magana.

Daga gonar Hurtebise, inda Napoleon ya gwabza nasa yaƙin a Maris 1814, wata 'yar hanya ta gangara cikin daji zuwa kangon gidan ibadar Vauclair, wanda aka kafa a 1134, igwa ta rushe shi a 1917. Wuri ne mai inuwa da shiru, ya dace da cin abinci da sallar azahar. Alƙibla a nan kudu maso gabas take. Amma abin da ka gangara sai ka hawo shi, kuma wannan ne hawa na biyu. In ƙafa ta fara nauyi, ka bar Vauclair ka wuce Plateau de Californie kai tsaye, ka hau hasumiyar katako ka ga kwarin Aisne. Ƙasa da ita tsohon ƙauyen Craonne ne, wanda ba a sake ginawa a wurinsa ba, itatuwa ne suka rufe ramukan. Daga nan ka gangara Pontavert, ka bi titin kwarin ka wuce dutsen tunawa da tankokin yaƙi kusa da Berry-au-Bac, ka tsallaka titin D1044 da hattara, ka ƙarasa tashar Guignicourt a layin Laon zuwa Reims.

Batun keke kuma. In firam ɗinka zai ɗauka, ka sa taya mai faɗin milimita 28, iska a ma'aunin bar tsakanin 4.5 da 5.5 ga mai nauyin kilo 70. Tayar milimita 23 da aka ɗure da iska tana tsalle a kan facin kwalta, tana gajiyar da hannu. Giya mai haƙora 34 a gaba da 30 ko 32 a baya za ta kai ka saman tudun kana zaune. Ka riƙe tub biyu, faci da sholisho, abin ɓanɓare taya, famfon hannu da ƙaramin kwaɗo, domin babu mai faci a kan hanyar. In ka yi faci, ka shafa cikin tayar da yatsa ka cire tsakuwar da ta huda ta, in ba haka ba sabon tub ɗin ma zai bi sahu. Takalmin tsere mai ƙarfe a tafi ba ya tafiya a kan ciyawa ko matakalar rami. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen tafi ya fi.

Ruwa gora biyu, aƙalla lita ɗaya da rabi, ka sake cikawa a Caverne. Ƙauyukan ƙanana ne, shago sai an dace, kuma ranar Lahadi da rana ko Litinin ko gidan burodi a rufe za ka same shi. Ka taho da abincinka, da dabino da za ka riƙa jefawa baki, shida zuwa takwas kowace awa, tun kafin yunwa ta zo.

Dokar Faransa ta wajabta ƙararrawa, da fitila fara a gaba ja a baya in duhu ya yi, da rigar nan mai ƙyalli a wajen gari da dare ko cikin hazo. Sa abin sauraro a kunne laifi ne. A cikin ƙauyuka, mahaɗar da ba ta da alama, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya. Hular kwano ba dole ba ce ga babba, amma ka sa.

Har yau manoma na tono harsasan igwa da ba su fashe ba, sukan ajiye su a bakin gona. Kome tsatsarsu kada ka taɓa, wasu na ɗauke da iskar guba. Ka kira 17, lambar 'yan sanda, ka faɗi wurin. A dajin Vauclair da Californie kada ka bar hanyar da aka shata.

Lokacin da ya fi kyau daga Mayu ne zuwa Satumba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare. Daga Oktoba ake cire gwozar sukari, taraktoci su shafe kwalta da taɓo mai santsi, manyan motoci su cika ƙananan tituna. Jiragen Guignicourt ba su da yawa, musamman Asabar da Lahadi, kuma sai ka canza a Laon. Ka duba jirgi na biyun ƙarshe tun a gida ka sa shi a matsayin naka, sannan ka ƙirgo baya: ka bar Craonne awa ɗaya da kwata kafin tashinsa.