Jini ya fito da kyau, me ya kawo maganar tiyata?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mahaifiyata mai shekara 68 tana kwance kwana biyu ke nan da toshewar hanji, an ce tabon tsohuwar tiyata ne ya manne. Fararen ƙwayoyin jininta 9,000, CRP (gwajin jini mai nuna kumburi a jiki) bai hau sosai ba, laktet (sinadarin da ke taruwa idan jini bai isa wani sashe na jiki ba) daidai. Amma tun daren jiya ciwon ya daina murɗawa yana saki, ya tsaya cak, likitocinta kuma sun fara maganar tiyata. Yayyena sun ce a jira tunda jini bai nuna komai ba. Wallahi hankalina ya rabu biyu.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, 'yar'uwa. Ki bi maganar likitocin da suka ɗora hannu a cikinta, ki kuma lallashi yayyenki yau, ba gobe ba.

Waɗannan gwaje-gwajen suna da amfani, ban musa ba. Idan fararen ƙwayoyi suka haura 11,000, ko nutrofil suka rinjayi limfosayit da yawa (duka biyun nau'o'in fararen ƙwayoyi ne), ko laktet ya wuce 2, muna ƙara zargin cewa jini ya daina isa wani sashe na hanjin, kuma irin waɗannan marasa lafiya sun fi faɗawa yanke hanji da daɗewa a asibiti. Idan sun hau, sun faɗi magana. Matsalar tana wurin da ba su hau ba.

Wannan ne abin da nake fama da shi kusan kullum: a miƙo mini takardar gwaji ana murmushi, wai ai jini lafiya ƙalau. CRP hanta ce ke yin sa, sai an yi awa 6 zuwa 8 kafin ya fara motsi, kuma ba ya kai ƙololuwa sai wajen kwana biyu. Hanjin da aka shaƙe, wato jini ya daina isa gare shi, ba ya jiran kwana biyu, cikin awoyi yake mutuwa. Laktet ma haka. Idan madaukin hanji ya murɗe ya toshe ta gaba da baya, jijiyar da za ta kwaso jinin wurin ita ma a matse take, laktet ɗin da ke taruwa bai fito ba balle allurar ɗibar jininki ta same shi, ɗan abin da ya kuɓuce kuma hanta ta share. Tsofaffi da masu shan sitiroyid (maganin rage kumburi) sau da yawa jikinsu ba ya tada fararen ƙwayoyi ko da hanji ya fara ruɓewa. Na sha buɗe ciki in tarar da hanji baƙi ƙirin, alhali takardar safiyar ranar babu abin da za a ja wa jan layi. Gwaji ɗaya labarin lokacin da aka ɗebi jinin kawai yake bayarwa, shi ya sa muke maimaitawa mu ga inda lambobin suka dosa.

Jira da muke yi da roba a hanci mai zuƙo abin da ya taru a ciki da ƙarin ruwa yana da sharaɗi. Ƙa'idojin Bolonya na 2017, jagorar likitocin tiyata kan irin wannan toshewar, sun yarda a jira har awa 72 a toshewar tabo, amma ga wanda babu alamar shaƙewa a tare da shi. Ciwon da ya daina saki ya tsaya wuri ɗaya alama ce. Haka bugun zuciya mai sauri, zazzaɓi, ko ciki ya yi tauri ya ƙi taɓuwa. Da ɗaya ta bayyana, lissafin awa 72 ya tashi aiki. Ki tambaya ko an yi hoton CT da ruwan da ake sawa a jijiya, ya fi duk gwajin jinin nan nuna halin da bangon hanjin yake ciki.

Sannan don Allah ki sa ido a kan masu zuwa dubiya. A irin wannan jiran ne wani zai zo da maganin wankin ciki a ɓoye, wai a tura abin da ya toshe ya wuce. Hanjin da ya kumbura ya yi siriri, a ƙara masa turi, fashewa yake yi, kashi ya malale cikin ciki. Ko ruwa kada a ba ta ta baki sai da izinin likitocinta. Ki auna bugun zuciyarta da fitsarinta kowace awa, ki rubuta, ki nuna musu.