Kada ka ƙirga shirwa tana kewaya

Ɗana, ka ce jiya a tudun Kazalla, kusa da garin Tarifa a kudancin Sifaniya, inda muke ƙirga tsuntsaye masu ƙaura zuwa Afirka, ka samu shirwa 400 a garken da ni na rubuta 260, kana tambaya wa ya yi kuskure. Kai ne. Idonka lafiya lau yake, gaggawa ce ta ci ka.

Tun suna kewaya ka fara danna maƙirga. Shirwa ba ta son kaɗa fiffike a doguwar tafiya, iskar nan mai zafi da ke tashi daga ƙasa da hantsi take hawa, ta yi ta zagaye kamar guguwa ta ɗebi ganye. Wadda ta wuce ta gabanka za ta ɓullo ta bayan 'yan'uwanta, ka sake sa ta a lissafi. Ka bari su kai ƙololuwa tukuna. Da iskar ta gaza ɗaga su, za ka ga sun miƙe sun yi jerin gwano. To, nan aikinka yake. Ka zaɓi alama guda, ko tsinin dutse ko ɗaya daga farfelolin lantarkin can, ka kafe madubin hangen nesa a kanta, duk wadda ta gifta ka danna. In sun fi ƙarfin hannunka, ka auna faɗin goma da ido, ka riƙa dannawa goma-goma, amma ka sa alama a takarda cewa haka ka yi.

Wahalar Tarifa kuwa teku ce. Tsakanin Sifaniya da Maroko kilomita 14 ne a inda mashigin Jibralta ya fi tsukewa, kuma iska mai ɗagawa ba ta tashi a kan ruwa. Ranar da iskar gabas, wadda mutanen nan ke kira lebante, ta yi ƙarfi, tsuntsu zai shiga teku, ya ga ba dama, ya juyo. Wani ya kwana uku yana sintiri a bakin gaɓa. Shi ya sa nake matsa maka ka rubuta lokaci da inda suka dosa, ka kuma kira 'yan tudun Algarrobo, wani wurin ƙirgar, a oba-oba ka ce ga garke nan ya nufo su, kada a ƙirga shi sau biyu. Sa'ar da ba ka ga komai ba ma ka rubuta sifiri, don tun 1997 ake wannan ƙirga, kuma da irin takardarka ake gwada shekara da shekara.

Ka gode Allah da shirwa ka fara, wutsiyarta mai baki biyu ba ta ɓuya. Ƙarshen Agusta shahon nan mai tonon gidan rina zai zubo, shi kuma yana hawa can sama har wuyanka ya ƙage. Gobe kai za ka riƙe takarda, ni na riƙe maƙirga. Ka zo da ruwa da malafa.