Ban taɓa ganin teku ba, zan iya aikin gina tashar jiragen ruwa?

Tambaya: Injiniya, ɗalibi ne ni ɗan aji huɗu, ina karatun injiniyan gine-gine a Wudil, garinmu kuwa yana kusa da Auyo. Burina in yi aikin tashoshin jiragen ruwa da katangun tare teku, amma ruwan da na sani bai wuce kogin Haɗeja ba. Abokaina sun ce aikin 'yan Legas ne. Ɓata lokacina nake yi?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Lissafin nauyi da na ƙasa ɗaya ne a Wudil da Apapa, inda tashar jiragen ruwan Legas take. Abin da za ka ƙara shi ne ilimin igiyar ruwa, hawa da saukar teku, da kafa turaku cikin laka. Aiki kuwa akwai: tashar Lekki da aka buɗe a 2023, ga Onne, Warri da Kalaba. Nemi horon aiki can, daga baya ka yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya.

Rashin ganin teku bai dame ni ba. Abin da ke damuna wata ɗabi'a ce da yaranmu ke ɗauka a wajen gini a gida: wai kankare in ya bushe ya zama dutse, ruwa ba ya ratsa shi. Ƙarya ce! Kankare yana da ƙananan ƙofofi, yana shan ruwa. Ka duba yadda kanwa ke cin gindin katanga a garuruwan fadama. To, gishirin teku ya fi ta mugunta. Yana kutsawa sannu a hankali har ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ninka ƙarfen, ta fasa kankaren daga ciki. Wurin da ya fi lalacewa ma shi ne inda ruwa ke fantsama yana bushewa, domin can gishiri ke haɗuwa da iska.

Amma kullum sai ka ga lebura yana tuttula ruwa a kwaɓi don shebur ya yi sauƙi, birkila ya kwantar da rodi a jikin katako, wani mai hular kwano da ake kira "injiniya" yana tsaye yana waya. Duk bokitin da aka ƙara, ƙofa aka buɗe wa gishiri. A bakin teku muna barin kaurin kankare milimita 50 zuwa 75 a kan rodi, kuma ni da kaina nake sa tef in auna kafin a zuba. Ɗan kwangila ya yi fushi, matsalarsa ce.

Hutun nan, je inda ake gina kwalbati a garinku, ka tsuguna ka auna.