Amsar Kawu: Abin da Turawan Ingila Ke Tunawa Ranar 15 ga Satumba

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Saƙonka ya iso. Ka ce maigidan da kake haya a wurinsa a Folkestone ya gayyace ka ku hau tudun Capel-le-Ferne ranar 15 ga Satumba, inda ake ajiye furanni a yi tsit don tunawa da matuƙan jiragen yaƙi. Kana tambaya wace irin al'ada ce wannan, kuma ko ya dace ka je tunda ba yaƙin kakanninka ba ne. Ka je. Maganar cewa ba ruwan kakanninka kuwa, za mu zo kanta.

A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗa hannun Hitila. Sojojin Birtaniya da ƙyar suka sha daga Dunkirk, suka baro manyan bindigoginsu da motocinsu a bakin teku. Tsakanin Dover da gaɓar Faransa bai kai kilomita 35 ba, don haka Jamus ta fara tara jiragen ruwa don tsallakowa. Sai dai ba a ɗora sojoji a kwale-kwale alhali abokin gaba yana riƙe da sama. Aka umarci Goering, shugaban mayaƙan saman Jamus, ya share sararin samaniyar Ingila tukuna. Gwabzawar da ta biyo baya, daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba, ita ce suke kira Yaƙin Birtaniya, kuma yawancinta a saman inda kake zaune yanzu aka yi ta.

An kasa jiragen Birtaniya rukuni-rukuni, kowane rukuni da lambarsa da tambarinsa, jirage 12 ke tashi tare. Matuƙan samari ne, da yawansu sa'anninka, shekara ashirin ko ƙasa da haka. Tun asuba suke zaune a ciyawa kusa da wata bukka, suna jiran waya ta yi ƙara. Da an buga ƙararrawa sai gudu, cikin 'yan mintoci sun tashi. Wata rana su tashi sau uku, sau huɗu, kowace dawowa a ƙidaya a ga wa ya rage. Bindigogi takwas ne a fikafikan kowane jirgi, amma harsashin duka bai wuce na daƙiƙa 15 ba. Za ka ji kowa a can jirgin Spitfire yake ambato, don shi ne kyakkyawa mai gudu. Gaskiyar magana jirgin Hurricane ya fi shi yawa, kuma ya fi shi kaɓo jiragen Jamus a wannan yaƙi. Rabin jikinsa na baya da ƙyalle aka rufe shi, in harsashi ya huda, makanikai su liƙe cikin dare, gobe ya koma sama.

Amma ni a ganina ba jarumtar samarin kaɗai ce ta ci yaƙin ba, Jamusawa ma jarumai ne kuma sun fi su gogewa. Tsari ne ya ci. Hugh Dowding, babban kwamandan jiragen kariya, ya sa an jera dogayen hasumiyoyin rada a bakin teku, masu hango jiragen Jamus tun suna taruwa a saman Faransa. Da yake ita rada teku kawai take kallo, in jirage sun shigo cikin ƙasa sai 'yan sa-kai masu madubin hangen nesa su karɓa, suna bugo waya daga kan tuddai da rufin gidaje. Labarin duka ya taru a hedikwata a Bentley Priory, a tace shi, a aika wa wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a Uxbridge. A can 'yan mata sojoji ke tsaye kewaye da babbar taswira a kan tebur, suna tura 'yan katakai da sanduna, kowane katako ayarin jirage ne. Keith Park, mutumin New Zealand, yana duban teburin yana cewa rukuni kaza ya tashi, rukuni kaza ya dakata. Saboda haka ba su ƙona mai suna yawo a sama a banza ba. Jamusawa kuwa jirginsu Messerschmitt 109 in ya kai Landan, mai na kamar minti goma ne ya rage masa na faɗa, dole ya juya. Sa'annan Baturen Ingila in an harbo shi ya diro da laima, a gonar mutanensa ya sauka, wani ma washegari yana cikin wani jirgin. Bajamushe in ya diro ya zama fursuna.

Duk da haka sun kusa durƙushewa. Ƙarshen Agusta da farkon Satumba Jamus ta yi ta ruwan bama-bamai a filayen jirage irin su Biggin Hill da Kenley da Manston. Jirgi ana iya ƙera wani, matuƙi kuwa ba a samunsa a kasuwa. Aka riƙa turo yara da ba su gama ƙwarewa ba. Sai ranar 7 ga Satumba Jamus ta karkata ta koma kan birnin Landan, filayen suka sami sararin numfashi. Ranar Lahadi 15 ga wata aka turo manyan ayari biyu, ɗaya da hantsi ɗaya da rana. Churchill, firaministan Birtaniya, yana cikin ɗakin Uxbridge a ranar, ya tambayi Park ko akwai sauran jirage a ajiye, aka ce masa babu. Da dare aka sanar cewa an kaɓo jiragen Jamus 185. Bayan yaƙi da aka duba takardun Jamus sai aka ga ba su wuce 60 ba. Ka riƙa tuna wannan duk lokacin da ka ji alƙaluman yaƙi a rediyo. Amma hakan ma ya isa, domin bayan kwana biyu Hitila ya ɗage shirin tsallakowa, bai kuma sake ɗauko shi ba.

To, asalin ranar ke nan. Kowace shekara ana addu'ar godiya a cocin Westminster a ranar Lahadin da ke kusa da ita, kuma tun 1947 akwai wani ɗaki a cikin cocin da aka keɓe don tunawa da mayaƙan saman. Rundunar samansu har yau tana kula da wasu tsofaffin Spitfire da Hurricane a Coningsby, ana tashinsu a irin waɗannan ranaku da bukukuwan gidan sarauta. Kada ka haɗa wannan da jan furen da suke maƙalawa a ƙirji a watan Nuwamba, wancan daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ya samo asali, kuma na duk mamatan yaƙi ne. Wurin da za ku je an buɗe shi a 1993. Za ka ga gunkin matuƙi zaune yana kallon teku, da bango mai sunayen mayaƙan sama kusan 3,000 da suka yi yaƙin, an jera su bisa haruffa ba tare da muƙami ba. Wannan ya burge ni. Daga cikinsu 544 sun mutu a cikin waɗannan watanni, na ƙarshensu da ya rage kuwa, John Hemingway, ɗan Ireland, ya rasu a Maris 2025 yana da shekara 105.

In ka tsaya gaban bangon ka karanta sunayen a hankali, za ka ga wasu da Baturen Ingila kansa ba ya iya furtawa. Kusan ɗaya cikin biyar ba 'yan Birtaniya ba ne. Mutanen Poland kaɗai sun kai 145, rukuninsu mai lamba 303 yana cikin waɗanda suka fi kowa ɓarna, ga 'yan Czech da Kanada da New Zealand. Amma a babban faretin nasara na Landan a 1946 ba a ga mayaƙan Poland ba, don ana gudun ɓacin ran Stalin, shugaban Tarayyar Soviet. Dowding da Park ma kafin shekarar 1940 ta ƙare an sauke su daga kujerunsu. Mutanen nan sun iya karrama mamaci, mai rai ne suke yi wa jinkiri.

Yanzu maganar kakanninka. Ƙauyen Hawkinge yana nan kusa da ku, sama da Folkestone kaɗan. A filin jiragensa aka kafa rukuni mai lamba 91 a Janairun 1941, kuma sunansa Rukunin Nijeriya, don da kuɗin da aka tara a nan aka saya musu Spitfire. A lokacin fam 5,000 aka yanka a matsayin kuɗin jirgi guda. Daga Satumban 1940 kuma aka riƙa harhaɗa Hurricane a Takoradi da ke Ghana ta yau, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri su wuce Khartoum har Masar, filin jirgin Kano ya ga abin da ya gani a Yaƙin Hitila. Ba zan ce maka duk da son rai aka yi ba. Ƙasa tana hannun Bature, kuma daga 1942 an kwashi talakawa aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can. Ga 'yan Bama, waɗanda suka je suka yi yaƙi da Japan a daji. In hira ta kawo, ka gaya wa maigidan naka wannan cikin ladabi, ba da sigar neman faɗa ba. Mai yiwuwa bai taɓa ji ba.

Ranar ka sa kaya masu duhu, ka kashe wayarka. In an busa ƙaho aka yi tsit, ka tsaya cik kamar kowa. In sun shiga addu'o'insu da waƙoƙin coci ba sai ka bi ba, tsayuwarka ta wadatar, ba wanda zai ga laifinka. Akwai gidan tarihi na wannan yaƙi a Hawkinge ɗin, in an tashi ka roƙe shi ya biya da kai.

Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce ka ɗauki rigar sanyi don bakin teku ne. Ka kira mahaifiyarka, ta ce kwana biyu ba ta ji muryarka ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Kawunka