Kuɗin minha ba ya isa ta, makina na zubewa, barci ya ƙaurace mini

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne, ina shekara ta uku a fannin injiniyan lantarki a wata jami'ar gwamnati a nan Makka, da minha, wato tallafin karatu, na zo. Ana ba ni riyal 990 duk wata, ina tura 500 gida saboda mahaifina ya daina fita kasuwa. Wani ɗan garinmu a Shara Mansur, wani titi a nan Makka, ya ce in riƙa taya shi tsaron shago daga bayan isha'i zuwa ƙarfe biyu na dare. Mu'addalina, wato matsakaicin makina, ya sauko daga 3.4 zuwa 2.6. Wata biyu ke nan barcina rabi da rabi ne, ƙirjina na ɗaurewa in jarrabawa ta matso, ba na son magana da kowa. In karɓi aikin? Kuma wannan abin da ke damuna ciwo ne ko raunin imani?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya ba Baba lafiya. Kada ka karɓi aikin shagon nan.

Igamar da ke aljihunka, wato takardar izinin zama, ta ɗalibi ce, jami'a ce kafilinka mai ɗaukar nauyinka, kuma ba ta ba ka izinin yi wa wani aiki a waje ba. Ran da aka kawo samame layin, babu wanda zai saurari cewa taya ɗan gari kake yi. Tara ce, da tsarewa, da yiwuwar tarhil, wato a mayar da kai gida, shi ma mai shagon ya kwashi tasa tarar. Ko da ba a taɓa kama ka ba, yi lissafin daren: ka rufe ƙarfe biyu, ka isa masauki ka kwanta wajen uku, asuba ta tashe ka, lakca ƙarfe takwas. Ba za ka yi wata guda ba za ka fara fashin lakcar safe. Ka kuma san ƙa'idar hirmani: wanda fashinsa ya haura kashi 25 cikin ɗari a darasi, ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba, a kuma lissafa masa faɗuwa.

Zan ɗan daɗe a kan mu'addal, don shi ne tukunyar da kake ci a ciki, kuma ɗalibai da yawa ba sa zama su buga lissafinsa sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. In jami'arku da ma'aunin maki 5 take aiki, darajar B maki 4 ce, C maki 3, D maki 2, faɗuwa maki 1. Ɗauki zango mai awa 15. In ka sami C a komai, mu'addalin zangon 3.0 ne. Faɗi darasi ɗaya mai awa 4, ya koma 2.47. Ƙara faɗuwa ɗaya mai awa 3, ya dawo 2.07. Ka ga darasi biyu kacal sun kai ka bakin rami. In jimillar mu'addalinka ta yi ƙasa da 2.00, za a ba ka inzari, wato gargaɗi, kuɗin wata ya tsaya. Gargaɗi uku a jere kuwa kora ce, sai in an yi maka sassauci. Kai kana 2.6, akwai sauran fili a gabanka, amma irin saukowar da ka yi ta nuna makin zangunanka na baya-bayan nan ya yi ƙasa sosai. Wannan ya fi tsorata ni a kan ƙarancin kuɗin. Riyal 500 da ke zuwa Katsina daga wannan lambar suke fitowa.

Saboda haka je ka ga murshidinka na sashe, malamin da ke ba ka shawara kan darussa, a makon nan. Ku duba darussan da ka ɗauka. In akwai wanda ka tabbata ya kuɓuce maka, ka janye daga shi kafin wa'adin janyewa ya wuce, don darasin da aka janye ba ya shiga lissafin mu'addal. Amma kafin ka sa hannu a kowace takarda, musamman ta janyewa daga zango gaba ɗaya, bi ta ofishin ɗaliban minha ka ji abin da hakan zai yi wa kuɗin watanka da igamarka, tunda kuɗin ana biyan sa ne na tsawon shekarun da aka ƙayyade wa karatun. Zango mai zuwa kuma kada ka haɗa lissafi mai nauyi da darussan da'irar lantarki da ɗakin gwaje-gwaje biyu a lokaci guda don kawai ka kamo abokanka.

Game da ƙarin kuɗi, akwai hanyar halal a cikin harabar. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa 990 ne ba 1,000 ba? Riyal 10 ɗin asusun ɗalibai suke tafiya, Sunduƙuɗ Ɗullab, wanda ke ƙarƙashin ofishin kula da harkokin ɗalibai. Daga wannan asusu ake ba da rance da agaji ga wanda ya shiga matsi, daga shi kuma ake biyan ɗaliban da ke aikin awa-awa a jami'a, abin da suke kira tashgil ɗullabi: jera littattafai a laburare, kula da ɗakin kwamfuta, taimakawa a ofis ko masaukin ɗalibai. Kuɗin ba shi da yawa, sharuɗɗan kuma kowace jami'a da nata, har da batun wa ya cancanta, don haka ka je da ƙafarka ka tambaya a farkon zango kafin guraben su cika. Ka faɗa musu kana jin Hausa da Larabci da Turanci. A garin da baƙi ba sa yankewa, wannan ba ƙaramin jari ba ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaranmu kunya ke hana su shiga ofishin nan, alhali da kuɗinsu ake tara asusun.

Sai maganar gida. Riyal an ɗaure shi da dala, 3.75 a kan dala ɗaya, shi ya sa in an canza 500 zuwa naira sai ta yi kauri, mutanen gida su ɗauka kana cikin daula. Ba su ga riyal 490 da ka rage da su na wata guda ba, wato kusan riyal 16 a rana, a ciki za ka ci, ka hau mota, ka sa data, ka buga takardu. Ba laifinsu ba ne, ba ka faɗa musu ba. Kira Baba, ko yayanka in kana jin nauyi, ka ce: «Baba, abin da ake ba ni kaza ne. In makina ya ƙara sauka za a yanke shi gaba ɗaya. Ina neman izini in rage abin da nake turowa zuwa ƙarshen shekara.» A shekarun da na yi ina zama da ɗalibai, iyaye sun fi fahimtar wannan magana fiye da yadda 'ya'yan ke zato.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi taɓa ni. Ɗana, ba raunin imani ba ne. Rashin barci, gudun mutane, kasa tattara hankali a kan karatu, in sun wuce mako biyu suna kuma hana mutum harkokinsa, alamu ne da likita ke bincika don gano ciwon damuwa. Ɗaurewar ƙirji da bugun zuciya gab da jarrabawa kuwa sau da yawa fargaba ce, jiki ne ke ɗaukar takardar jarrabawa tamkar zaki ya tare shi. Kai wata biyu ka yi. Ban gan ka ba, ba zan sa wa ciwonka suna daga nesa ba, amma ka wuce matakin a ce maka ka yi haƙuri kawai. Na taɓa zama da wani yaro ɗan injiniyan gine-gine, kullum yana sahun farko a masallaci, ya ce mini yakan karanta shafi ɗaya sau biyar bai riƙe komai ba. Gwangwanayen lemon ƙara kuzari ne jere a tagar ɗakinsa, barcinsa awa uku. Shi ma zargin imaninsa yake yi.

Fara da asibitin jami'a. A duba ƙirjin, a gwada jininka, don ƙarancin jini da matsalar tayirod da ƙarancin bitamin D duk suna iya kawo kasala ko bugun zuciya. Daga nan ka nemi sashen ba ɗalibai shawara, irshad nafsi. In fuska da fuska ta yi maka nauyi da farko, akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937, akwai kuma na Cibiyar Bunƙasa Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, 920033360, da manhajarsu Qareeboon. Addu'a da ruƙiyya ka ci gaba da su, ba sa karo da ganin likita; Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci bayin Allah su nemi magani. In an rubuta maka ƙwaya, ka sani irin waɗannan sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, kada ka yar da ita a kwana biyar. In kuwa tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, ko sau ɗaya, kada ka kwana da shi kai kaɗai: tashi abokin ɗakinka, ku tafi sashen gaggawa, ko ku kira motar asibiti a 997.

Daga yau, gahawa da shayi mai kauri su tsaya daga la'asar. Ka aje waya nesa da katifa, ka kwanta barcin dare da zarar an yi awa ɗaya ko biyu da isha'i, karatu mai wuya ka mayar da shi bayan asuba. Ka kuma nemi ɗalibai biyu a ajinku ku riƙa warware tambayoyi tare, ko ba Hausawa ba ne. Ɗan garin naku ka je ka yi masa godiya, ka ce karatu ya hana. In yana son taimaka maka, ya riƙa kiran ka cin tuwo ranar Juma'a. Bayan mako uku ka sake rubuto mini in ji abin da murshidi da likita suka ce.