Tambaya da Amsa: Wa ya gina hasumiyar ƙauyen Dolwyddelan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Na ga hoton wani ginin dutse shi kaɗai tilo a kan tudu, wai a wani ƙauye ne na Wales mai suna Dolwyddelan. Turawan Ingila ne suka gina shi? Kuma ya aka yi har yau bai rushe ba? Daga wata ɗaliba mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, na ji daɗin tambayar nan sosai. A'a fa, ba na Ingila ba ne, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa saboda manya-manyan ganuwoyin da aka fi sani a arewacin Wales irin su Conwy da Caernarfon da Harlech duk Sarki Edward na ɗaya na Ingila ne ya gina su don ya danne mutanen ƙasar, amma wannan na Dolwyddelan ɗan ƙasa ne ya gina abinsa, wato Llywelyn ab Iorwerth sarkin Gwynedd, wata masarauta a arewacin Wales, a farkon ƙarni na 13, don ya riƙa sa ido kan hanyar da ta ratsa kwarin kogin Lledr cikin duwatsun Eryri. Sai a watan Janairun 1283 sojojin Edward suka ƙwace shi.

Batun rashin rushewa kuwa, ai ya ci duniya har ya zama kango, sai tsakanin 1848 da 1850 mai filin, Lord Willoughby de Eresby, ya sa aka gyara shi, kenan katangar can sama da kika gani a hoto ba ta zamanin Llywelyn ba ce. Yanzu yana hannun Cadw, hukumar gwamnatin Wales mai kula da kayan tarihi da aka kafa a 1984.

Ni dai a ganina ginin da ya fi cancanta ki nema shi ne ɗan cocin St Gwyddelan da ke cikin ƙauyen, wanda masu ɗaukar hoto ba su cika damuwa da shi ba. Wani mutum Maredudd ab Ieuan ya karɓi hayar ganuwar a 1488 ya tare can da iyalinsa, lokacin yankin ya cika da 'yan fashi da ke fakewa a wani ƙauye mai suna Ysbyty Ifan, kuma abin da zuriyarsa suka rawaito shi ne ya gwammace ya yi faɗa da ɓarayi da ya yi da danginsa na jini, don rigimar gida ce ta koro shi. Shi ya gina cocin wajen shekarar 1500, ɗan ƙarami ne mai kaurin bango, a ciki har yanzu akwai shingen katako mai sassaƙa na wancan zamanin, ga kuma hoton Maredudd ɗin a jikin farantin tagulla yana durƙushe cikin sulke, ya rasu a 1525.

Cocin na cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen da doka ta kare, rukunin da ba a sa gini a ciki sai mai muhimmanci na musamman. Gini in ya shiga wannan rajista ko gidanki ne na kanki ba ki isa ki rushe shi ko ki canza masa kama ba sai da izini, in kika yi gaban kanki laifi ne da zai iya kai ki kotu.

Sauran gidajen ƙauyen galibi na ƙarni na 19 ne, lokacin da haƙar dutsen rufin ɗaki ya kawo ma'aikata, jirgin ƙasa kuma ya ratso ta nan zuwa garin Blaenau Ffestiniog a 1879, kuma har gobe yana tsayawa a tashar ƙauyen.