Amsa ga Hajiyar da ke son aje maganin kolesterol

Wayyo Hajiya, ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce al'ada ta ɗauke miki, ga tansiyo, yanzu kuma analiz ya nuna kolesterol, wato kitsen cikin jini, ya hau, amma tunda ba ki jin ciwon komai kina son ki aje magani ki koma tahwarnuwa da zoɓo. Don Allah don Annabi kar ki aje.

Abin nan shiru yake ɓarnarshi. Ni hwa siririya ce, kowa cewa yake ai na masu ƙiba ne, ina! Lokotoro ya ce min muddin mace na ganin wata akwai sinadarin estrojen da ke ɗan kare ta, da ya ragu sai mugun kitsen nan da suke rubuta LDL a takarda ya hau ya riƙa liƙewa cikin jijiyoyin jini, su ko dama hawan jini ya gama gajiyar da su.

Daren da ciwon zuciyata ya taso ba ma ƙirji ya hwara ba, muƙamuƙi ne da tsakiyar baya, ga zuhwa ga tashin zuciya, numfashi kamar an aza min turmi. Aka kai ni wani ɗan kilinik cikin unguwa, matar da na iske ko tansiyo ba ta auna ba, tana latsa waya ta ce olsa ce, wai mu tsohhin mata raki gare mu. Raki! Ni da na haihi tara ban taɓa ihu ba. Wallahi har yau in na tuna yadda ta taɓe baki sai raina ya ɓaci, ɗiyar cikina ce a haihe hwa. Babban ɗana ne ya ƙi yarda ya wuce da ni babbar likita, nan aka iske tansiyona ya kai 18/11, aka liƙa min wayoyin awon zuciya aka ce Allah ne ya yi da sauran kwana. Matar kilinik ɗin nan ko na bar ta da Allah.

Yanzu atorvastatine, maganin kolesterol, nike sha kullum tare da na tansiyo. In kina shan irinshi kika ji ciwon naman jiki ki koma ma lokotoronki, kar ki yanke maganin da kanki. Gishiri kuma OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta ce kar ya kai giram 5 a wuni, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, mu ko ga magi ga kanwa duk cikin tukunya guda. Man shanu bisa tuwo shi ya hi yi min wuyar bari, da kayan ciki da kitsen balangu. Man gyaɗarmu ya hi, amma ba a malala shi ba. Kwaɗon zogale da wake ki ci abinki. Bayan asuba ki ɗan taka ko minti 30 kahin rana ta yi zahi.

Af, kuma diclofenac ɗin nan na ƴan talla da muke haɗiya don ciwon gwiwa, yana tada tansiyo yana taɓa ƙoda, ki gaya ma lokotoro in kina sha. Nawa LDL ɗinki ya nuna ma? Allah Ya ƙara sauƙi Hajiya.